Flying Scotsman: Yadda Gyaran Shekara Ɗaya Ya Cinye Shekara Goma

A ƙarshen watan Mayun 2011, Gidan Tarihin Jiragen Ƙasa na Birtaniya da ke birnin York ya gayyato 'yan jarida da mutanen da suka ba da gudummawa, aka fito musu da Flying Scotsman, kan jirgi mai aiki da tururi da ya fi kowanne suna a ƙasar. An mulke shi da baƙin fenti irin wanda ya sanya zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sai ƙyalli yake yi. Aka shaida wa jama'a cewa aiki ya zo ƙarshe bayan shekara biyar, saura 'yan gwaje-gwaje ya koma jan fasinja kafin lokacin zafi ya wuce. Watan da ya biyo baya aka ga tsaga a ƙarafan da ke riƙe da ƙafafunsa. Da aka bi sawun tsagar, sai aka tarar akwai irinta a wurare da dama a jikin firam ɗin da duk nauyin injin ke zaune a kai. Haka aka koma aka warware abin da aka ɗaura, kuma bai sake motsawa da ƙarfin kansa ba sai a watan Janairun 2016.

Aikin da aka ce shekara ɗaya zai ɗauka, a kan kuɗin da bai haura fam miliyan 1 ba, ya ci shekara goma da fam miliyan 4.2. Abin da ya ja hankalina a wannan lamari shi ne yadda aka jera ayyukan. Gidan da ya tara masana tarihin jirgin ƙasa ya riga ya yi fenti, ya tara mutane sun yi tafi, sannan aka duba ƙashin injin yadda ya kamata.

Kalandar masu jirgin tururi

Kafin a gane inda aka kuskure, sai an san yadda shekara take a wajen masu wannan harka. A watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina amfani da injin tururi a manyan layukanta. Dubban injina aka tura wa 'yan gwangwan. Wani mai wannan sana'a a garin Barry na yankin Wales, Dai Woodham, ya ga taragun kaya sun fi sauƙin yankawa, sai ya bar injinan a tsaye har masu sha'awa suka riƙa zuwa suna saya ɗai-ɗai, aka ceto 213 daga filinsa. Irin waɗannan injina ne ke aiki yau a ƙananan layuka fiye da ɗari da ƙungiyoyin 'yan sa-kai ke gudanarwa. Layin Talyllyn da ke Wales shi ne na farko, tun 1951 yake hannun 'yan sa-kai.

Waɗannan layuka ba su da fasinjan da ke zuwa aiki ko kasuwa. Masu yawon buɗe ido ne abincinsu, don haka yanayi ke juya su kamar yadda yake juya manomi. Daga bikin Ista zuwa watan Oktoba ake jigila. A Disamba kuma a fito da jiragen yara na Kirsimeti, waɗanda a layuka da yawa su ke cike giɓin shekara. Janairu zuwa Maris ba fasinja, shi ne lokacin da ake ɗaga layin dogo a sauya katako, a shiga ƙarƙashin inji, a wanke tukunya, mai binciken inshora ya zo ya ƙwanƙwasa ya saurara. Duk injin da bai shirya ba ranar da aka buɗe kaka, ya bar kuɗi a ƙasa. In kuma an riga an buga sunansa a takardar talla an sayar da tikiti, to ga asara ga kunya.

Akwai kuma wata kalanda mai tsawo a bayan wannan. Tukunyar injin tururi tana da takardar izini da ba ta wuce shekara goma. Dalili kuwa a bayyane yake ga duk wanda ya san cikinta. Akwatin wuta ne a zaune cikin ruwa, ɗaruruwan sandunan ƙarfe na riƙe da bangonsa kada matsin tururi ya murƙushe shi, bututu masu yawa na ɗauke da zafin wutar suna ratsa ruwan har zuwa bututun hayaƙi. Kullum aka hura wuta ƙarfe ya buɗe, aka kashe ya tsuke. Ruwa kuma yana barin farin dasashi irin wanda mai shayi ke kankarewa a gindin butarsa, sai dai a nan dasashin yana hana ruwa sanyaya ƙarfen, wurin ya ƙone. Idan wa'adi ya cika, dole a ciro tukunyar, a zare bututun, a gyara, a cika ta da ruwa a matsa fiye da yadda za ta yi aiki, sannan a gwada ta da wuta. Dattawan da suka riski jirgin kwal a tashoshin Kano ko Zariya ko Kafanchan, wanda ake ciyarwa da kwal ɗin Inugu, za su tuna tankunan ruwa da baƙin hayaƙi. Wahalar da ke cikin tukunyar kuwa sai ma'aikatan reluwe.

Injin da ya karya masu shi

An ƙera Flying Scotsman a ma'aikatar Doncaster, ya fito a watan Fabrairun 1923, bisa zanen injiniya Nigel Gresley, a kan fam 7,944. Da taragon kwal da ruwansa tsawonsa ya kai mita 21, manyan ƙafafunsa shida kowace ta ɗan haura mita 2, silindarsa uku, biyu a waje ɗaya a tsakiyar firam. A 1924 aka ba shi lamba 4472 da sunan jirgin ƙarfe goma na safe da ke tashi daga Landan zuwa Edinbara, aka kai shi baje kolin Daular Birtaniya a Wembley. Ranar 1 ga Mayun 1928 ya ja jirgi daga tashar King's Cross ta Landan zuwa Edinbara, mil 392, bai tsaya ko'ina ba. An yi wa taragon kwal ɗin wani siririn lungu ta yadda direba da mai zuba kwal za su karɓi aiki jirgi na tafiya, ruwa kuma ana kwasarsa daga dogayen kwatami da aka shimfiɗa tsakanin ƙarafan layi. Ranar 30 ga Nuwamban 1934 aka auna shi da na'ura yana gudun mil 100 a awa, kimanin kilomita 160, ya zama injin tururi na farko da aka tabbatar wa wannan a hukumance.

Ya yi ritaya a Janairun 1963 bayan tafiyar mil sama da miliyan 2. Sa'anninsa fiye da saba'in duk an yanka su. Shi kaɗai ya tsira, domin wani ɗan kasuwa, Alan Pegler, ya saye shi fam 3,000. Daga nan aka shiga wani babi da ya kamata ya zama ishara ga duk mai sha'awar saya. Pegler ya kai shi Amurka a 1969, zagayen farko ya yi armashi, na baya suka zama asara, kafin 1972 ta ƙare ya karye, injin ya maƙale a yankin San Francisco masu bin bashi na zagaye. Wani attajiri, William McAlpine, ya biya ya dawo da shi gida a 1973. A hannunsa ya je Ostireliya a 1988, inda a watan Agustan 1989 ya yi mil 422 ba tsayawa, tafiyar da ba wani injin tururi da ya taɓa yin irinta. A 1996 wani ɗan kasuwa, Tony Marchington, ya saye shi, ya kashe maƙudan kuɗi a gyara, injin ya dawo aiki a 1999, shi ma a 2003 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya karye.

Cikin mutum ukun nan da suka riƙe shi, biyu sun tashi ba ko sisi. Ga kuma abin da ba ya fitowa a hoto: shekara arba'in injin na hannun mutanen da dole sai ya yi tafiya za su sami abin biyan bashi. Mai motar haya da bashi a wuyansa ya san irin gyaran da ake yi a wannan hali. A ɗaure nan, a yi walda can, mota ta fita lodi gobe da safe.

Cinikin biri a sama

A farkon 2004 aka sa injin a gwanjo, kowa ya rubuta tayinsa a rufe. Tsoro ya kama 'yan ƙasar cewa wani attajiri daga waje zai ɗauke shi. Gidan tarihin York ya ƙaddamar da gidauniya, talakawa suka yi ta turo abin da ya sawwaƙa, asusun gwamnati na ceto kayan tarihi ya ba da fam miliyan 1.8, attajiri Richard Branson ya ƙara fam 365,000. A watan Afrilu aka sanar cewa gidan tarihin ya yi nasara da tayin fam miliyan 2.3.

An duba injin kafin a saya, amma dubawa ce ta gaggawa, kuma sakamakonta ya fi gaskiyar lamarin daɗin ji. A nan zan yi musu uzuri kaɗan. Gwanjo yana da ranar rufewa, kuma ba mai kayan da zai bari ka kwance masa inji gunduwa-gunduwa kafin ka yi tayi. Ko da an san yawan ciwon da ke jikinsa, da wuya a fasa, don abin da ake saya suna ne, kuma sunan ba shi da na biyu. Inda uzurin ya ƙare shi ne bayan an biya kuɗi. Kaya ya zama naka, ba mai hana ka buɗe shi ka ga abin da ka saya.

Maimakon haka sai aka tura shi aiki. Ranar da zai shigo York a gaban taron bikin cika shekara 200 da fara jirgin ƙasa, ya sami matsala, sai da injin dizal ya shigo da shi. A kakar 2004 da ta 2005 aka ɗora shi a kan jigilar masu zuwa shaƙatawa bakin teku a Scarborough, yana yi yana lalacewa, ana lallaɓawa. Mutanen da suka ba da kuɗinsu suna son ganin hayaƙi, kuma an nuna musu. A ƙarshen 2005 aka janye shi, a Janairun 2006 ya shiga ɗakin gyara na gidan tarihin.

Allura ta tono garma

Matsala ta farko tukunya ce. Wadda ke kansa lokacin da aka saye shi ba tasa ba ce, ta wani samfurin ce mai suna A4, dangin injin Mallard wanda ya yi gudun mil 126 a awa a 1938. Tana aiki da matsi 250 a ma'aunin psi, alhali samfurin A3, wanda aka mayar da Flying Scotsman cikinsa a 1947, an tsara shi a kan 220. Ƙarin matsi ƙarin ƙarfi ne, kuma mai jan taragun alfarma masu nauyi zai so haka. Sai dai duk bugun da tururi ya yi wa fistin, firam ne ke shanye shi, firam ɗin da wani ɓangarensa tun 1923 yake shan wannan duka. Gidan tarihin ya yanke shawarar komawa tukunyar A3 da ke ajiye a matsayin safaya, ya sayar da ta A4. Shawarar mai kyau ce a ganina, amma tukunyar da aka koma wa ta daɗe a ajiye, kuma da aka buɗe ta a ma'aikatar Riley da ke Bury sai aikin ya ninka abin da aka zata. A 2007 aka ɗaga ranar gamawa. A 2009 kuɗi suka yi ƙasa, aka sake fita neman taimako, wannan karon fam 250,000.

Duk wannan lokaci hankali na kan tukunya, domin ita ce mai takardar izini, ita ce kuma kowa ke tsoron fashewarta. Firam ɗin yana nan a York ana ɗora masa sababbin kaya. Shi firam na injin tururi faranti biyu ne na ƙarfe masu kauri, a tsaye, daga gaba zuwa baya, da wasu ƙarafa a gicciye da ke haɗa su. An yanke masa gurabe inda sandunan da ke haɗa ƙafar dama da ta hagu suke zama, kuma kowane gurbi an zagaye shi da wani kakkauran ƙarfe da ke ba sandar damar hawa da sauka kaɗan idan layi ba daidai yake ba. A waɗannan ƙarafa aka fara ganin tsaga a Yunin 2011. Da aka kawo na'urorin da ke gano tsagar da ido ba ya gani, sai ga ta a ƙarafan gicciye, ga ta a abin da ke riƙe da kayan silindar tsakiya. Wasu sun wuce walda, sai dai a zuba sababbi.

Wannan gwaji ba sabon ilimi ba ne, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da aka riga aka kashe. Lokacin yinsa shi ne 2006, sa'ad da firam ke tsirara ba komai a kansa. An yi shi a 2011, bayan an ɗora tukunya, an ja bututu, an yi fenti. Magini ya gama rufi da yaɓe, sannan ya ce bari ya leƙa tushe.

Gidan tarihin ya yi abin da ba kowace hukuma ke yi ba. Ya ɗauko masani daga waje, Bob Meanley, injiniyan ma'aikatar gyaran injinan tururi ta Tyseley a Birmingham, ya ce ya binciki yadda aka yi, kuma a watan Oktoban 2012 ya wallafa rahoton kowa ya karanta. Rahoton ya ce an raina girman aikin tun farko saboda injin ya fi yadda aka zata lalacewa, kuma dubawar da aka yi kafin saye ta tsallake abubuwa da yawa. Ya ce masu jagorancin aikin ba su da gogewa da kayan aikin da babban gyara irin wannan yake buƙata, ga kuma yawan sauyin hannu, wanda ya fara ba shi ke ci gaba ba. Sai abu na ƙarshe, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: an ɗora wa aikin buri biyu masu karo da juna.

Taura biyu a baki ɗaya

Aikin gidan tarihi shi ne adana abu yadda ya same shi. Mai kula da kayan tarihi idan ya ga tsohon ƙarfe mai tambarin Doncaster, so yake a bar shi, ko an lanƙwasa ko an yi masa faci, domin facin ma tarihi ne. Shi kuwa injiniyan da zai sa hannu a takardar da za ta bar inji mai nauyin kusan tan 100 ya ja ɗaruruwan mutane da gudun mil 75 a kan layin da jiragen zamani ke bi, ba ruwansa da tambari. In ƙarfe ya gaji, a cire. Kowannensu yana da gaskiya a fagensa, amma ba a zauna tun farko an ce ga wanda maganarsa za ta rinjaya ba. Sai kowane ƙarfe ya zama abin muhawara, a gyara tsoho, daga baya a ga bai yi ba, a ƙera sabo, an biya sau biyu ke nan.

Ga kuma na uku a gefe, sashen talla, wanda ke buƙatar rana da wata da zai ba jaridu da masu ɗaukar nauyi. Rahoton ya ambaci wannan ja-in-ja tsakanin gyaran injin da amfani da shi wajen tallata gidan. Taron Mayun 2011 ɗiyan wannan matsi ne. Kakar yawon buɗe ido ta kama, an yi alkawari, dole a nuna wani abu.

Ita maganar asali ma, in aka bi ta da kyau, ba ta da ƙarfin da ake ba ta. Ma'aikatar Doncaster ba ta taɓa ɗaukar injinanta a matsayin kayan tarihi ba. Inji ya shigo babban gyara, a ɗauke tukunyarsa a ɗora wadda ta riga ta shirya, tasa kuma in an gyara a ba wani. Flying Scotsman ya sauya tukunya fiye da sau goma a rayuwarsa, ya sauya taragon kwal sau da dama, ya sauya lamba, ya sauya launi. Abin da ya rage na 1923 bai wuce wani ɓangare na bayan firam da gefen ɗakin direba da 'yan ƙarafa ba. Ya fi kama da tsohon gidan ƙasa da ake yi wa yaɓe duk bayan damina. Ƙasar da kakanni suka kwaɓa ruwa ya daɗe da wanke ta, amma ba wanda zai ce ba gidan ba ne.

A 2013 wani kamfanin ba da shawara ya sake duba ragowar aikin, ya ce a miƙa shi ga ɗan kwangila na waje. A watan Oktoba aka ba Riley, waɗanda dama su suka yi tukunyar, kuma sana'arsu ke nan kullum. Aka kwashe injin zuwa Bury. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: bayan silindar tsakiya da aka riga aka gano ba ta zauna daidai da layinta ba, sai aka tarar ramukan da ake ɗaure silindu a jikin firam su ma sun buɗe. Aka yanke wani yanki na gaban firam ɗin aka haɗa sabo. Ga mai kishin asali wannan yankan ƙauna ne. Ga injiniya kuwa shi ne aikin da ya kamata a fara da shi shekara bakwai da suka wuce.

Ranar 8 ga Janairun 2016, a tsakiyar sanyi, lokacin da sauran layuka ke rufe suna gyara, ya yi tafiyar gwaji a layin East Lancashire, har yanzu da baƙin fentinsa. Ranar 25 ga Fabrairu ya tashi daga King's Cross zuwa York da koren fenti da lamba 60103, da faranti biyu a gefen hancinsa masu ɗaga hayaƙi sama kada ya rufe wa direba ido, kamar yadda yake a shekarunsa na ƙarshe a bakin aiki. Ko wannan sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce, don da yawa sun fi son koren farko mai haske da lamba 4472. Jama'a suka cika gadoji da gonaki. Kusa da garin St Neots wasu suka tsallaka shinge suka hau kan layi da kyamarori, dole aka tsayar da jirgin da sauran jiragen da ke bin hanyar, kuma hukumar da ke kula da layukan ta biya diyyar jinkiri kusan fam 60,000.

Ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu

Saye da gyara sun tashi fam miliyan 6.5. A daidai shekarun da ake wannan fama, wata ƙungiyar 'yan sa-kai a garin Darlington ta ƙera sabon injin tururi fil, mai girma irin wannan, ta sa masa suna Tornado. Sun fara yankan ƙarfe a 1994, aka haɗa musu tukunya a Meiningen ta ƙasar Jamus, suka gama a 2008 a kan kimanin fam miliyan 3, akasari daga ɗan abin da magoya baya ke bayarwa duk wata. A 2017 shi ma ya taɓa mil 100 a awa a wani gwajin dare. Wato ƙera sabo daga zane ya fi gyaran tsohon araha.

Wannan kwatanci yana da daɗin faɗa, amma ban ɗauke shi hujjar cewa an yi asara ba. Masu Tornado sun san abin da ke gabansu tun ranar farko, domin sabon ƙarfe ba ya ɓoye ciwo. Kuma ƙaramin layin da ya karɓi baƙuncin Flying Scotsman na mako guda yakan sayar da tikitinsa kaf tun kafin injin ya iso, abin da kan taimaka masa ya biya gyaran gada ko tukunyar nasa injin idan sanyi ya zo. Ba wani injin da ke tara mutanen da ba ruwansu da jirgin ƙasa kamarsa. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne kason kuɗin da ya tafi a tufka da warwara, domin wannan ba tsufan ƙarfe ne ya ci shi ba. Da an kwance injin gaba ɗaya a 2006, an auna komai, an fito an ce jama'a ga abin da muka tarar, zai ci miliyoyi da shekaru, da an sha suka na mako guda an wuce wurin. Akwai kuma hanya ta uku da gidan ya bi da Mallard, wanda ke tsaye a zauren York ba a hura masa wuta, ba ya cin kwal ba ya tsagewa. Amma mutanen da suka tura fam biyar-biyar a 2004 ba don su kalli gunki suka bayar ba.

Da alama an ɗauki darasi ta wani fannin. Gidan tarihin bai sake karɓar ragamar kula da injin yau da kullum da kansa ba, ya bar wa masu sana'ar bisa kwangila. A 2022 aka janye shi da wuri aka yi masa babban gyara cikin watanni, ya fito a kan kari, ranar 24 ga Fabrairun 2023 yana tashar Waverley ta Edinbara ana bikin cikarsa shekara 100. A ƙarshen Satumban wannan shekara, a tashar Aviemore ta layin Strathspey, ya bugi taragun da ake ƙoƙarin haɗa shi da su, aka kai mutum biyu asibiti don a duba su, shi kuma aka bincike shi ya koma aiki.

Abin da ke gabansa yanzu ya fi ƙarfin walda. A lokutan zafi na 2018 da 2022 ciyawar gefen layi ta bushe ƙamas, tartsatsin da ke fita daga bututun hayaƙi ya riƙa tayar da gobara, layuka da dama suka ajiye injinan tururi suka fito da na dizal a tsakiyar kakar da suka fi samun kuɗi. A ƙarshen Nuwamban 2023 kuma aka rufe mahaƙar Ffos-y-fran da ke kudancin Wales, wadda yawancin layukan suka dogara da ita wajen samun kwal mai ƙarancin hayaƙi. Ƙasar da ta koya wa duniya jirgin kwal yanzu daga ƙetare take shigo da abin da za ta zuba wa Flying Scotsman, wasu layukan kuma suna gwada dunƙulen garin kwal da aka cakuɗa da ɓawon 'ya'yan itace, su ga ko tukunya za ta karɓa.